Daga "da sauƙi" zuwa lamba: yadda ake lissafa abin da majinyaci ya faɗa da bakinsa

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a asibitin Maraɗi ko na Damagaram ya san yadda hirar take kasancewa. A tambayi majinyaci "ya jiki?", ya amsa da "da sauƙi, Alhamdulillahi", ko da kuwa ya kwana bai runtsa ba saboda azabar ciwo. Amsa ce ta ladabi da tawakkali, kuma babu mai ganin laifinta. Amma ga likitan da ke son ya gane ko sabon magani ya fi tsohon aiki, "da sauƙi" ba ta gaya masa komai, tunda wanda ya warke da wanda ciwonsa ya ƙaru duk ita suke faɗi.

Akwai abubuwan da na'ura ke aunawa, kamar zafin jiki, hawan jini, yawan sukari da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Akwai kuma waɗanda babu na'urar da ta isa ta gan su: raɗaɗi, kasala, tashin zuciya, rashin barci, ƙuncin rai. A nan mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sa masu binciken lafiya suka ƙirƙiro takardun tambayoyi da majinyaci ke cikewa, kowace amsa da makinta, a tara a samu lamba. Irin wannan lamba ce ke fitowa a kanun labarai da kafofin sada zumunta, a ce kashi kaza cikin ɗari na matasa na fama da ciwon damuwa.

Sai dai tsakanin amsar da mutum ya bayar da lambar da ta fito a jarida akwai lissafi mai tsawo, kuma a kowane mataki mai lissafin yana da zaɓin da zai yi. Idan ya yi sakaci, sai a wayi gari an ninka yawan masu ciwo, ko an yabi maganin da bai tsinana komai ba.

Abin da ya sa amsar ke da nauyi

Daga 2007 zuwa 2011, a asibitin masu ciwon daji na Memorial Sloan Kettering da ke birnin Niyok na Amurka, an yi wani gwaji da majinyata 766 waɗanda cutar ta riga ta bazu a jikinsu. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya ya ci gaba da ganin likita kamar yadda aka saba. Ɗaya rukunin kuma aka ce su riƙa shiga kwamfuta suna bayar da rahoto a kan alamomi 12, irin su raɗaɗi, amai, gudawa da sarƙewar numfashi. Da zarar wani ya nuna abin ya tsananta, sai saƙo ya isa ga ma'aikatan jinya.

Sakamakon da Dokta Ethan Basch da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar JAMA a 2017 ya nuna cewa rabin masu bayar da rahoto sun rayu fiye da wata 31, yayin da a ɗaya rukunin adadin ya tsaya a wata 26. Wata biyar ke nan, ba tare da an ƙara wani sabon magani ba. Masu binciken sun ce mai yiwuwa dalilin shi ne an riƙa kai musu ɗauki da wuri, kuma sun iya jure shan maganin na tsawon lokaci.

Hukumomi ma sun daɗe da gane haka. Tun a 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da ƙa'idojin da kamfani zai bi idan yana son ya yi iƙirarin amfanin maganinsa bisa shaidar majinyata. A Ingila kuwa, hukumar NICE da ke tantance magungunan da gwamnati za ta biya wa jama'a ta fi dogara da wata takarda mai tambayoyi biyar kacal, EQ-5D. Ke nan kuɗi da rayuka na rataye a kan yadda aka lissafa waɗannan amsoshi.

Tambayoyi tara, maki 27

Ɗan Nijar da ke zaune a Amurka ko Kanada mai yiwuwa an taɓa miƙa masa wata gajeriyar takarda kafin ya ga likita. Sunanta PHQ-9, kuma tana cikin waɗanda aka fi amfani da su a duniya wajen gano ciwon damuwa. Masu bincike uku a Amurka, Kurt Kroenke da Robert Spitzer da Janet Williams, su suka wallafa binciken da ya tabbatar da ita a 2001.

Tana tambayar abubuwa tara da mutum ya ji a cikin mako biyu da suka wuce: rashin sha'awar komai, ƙuncin rai, matsalar barci, gajiya, matsalar cin abinci, ganin kai a matsayin wanda ya gaza, kasa tattara hankali, sanyin jiki ko rashin natsuwa, sai kuma tunanin gara mutuwa ko cutar da kai. Kowace tambaya tana da amsa huɗu: ko kaɗan, wasu ranaku, fiye da rabin ranakun, kusan kullum. Makinsu 0, 1, 2, 3. Jimillar tana kamawa daga 0 zuwa 27, kuma an saba ɗaukar 10 a matsayin iyakar da idan mutum ya kai ya kamata a duba shi da kyau.

Matsalar farko tana cikin tarawar kanta. Tun 1932 da masanin nan Rensis Likert ya yaɗa irin wannan tsari na amsa mai hawa-hawa, masana ƙididdiga ke tunatar da cewa lambobin jeri kawai suke nunawa. An san 3 ta fi 2 tsanani, amma babu tabbacin cewa tazarar da ke tsakanin "ko kaɗan" da "wasu ranaku" daidai take da wadda ke tsakanin "fiye da rabi" da "kusan kullum". Kuma tarawa tana ba kowace tambaya nauyi ɗaya. A ɗauki mutum biyu. Na farko yana fama da gajiya da rashin barci da rashin cin abinci kusan kullum, makinsa 9. Na biyu yana cikin ƙuncin rai, yana ganin ya gaza, yana tunanin mutuwa kusan kullum, shi ma makinsa 9. A lissafi sun zo ɗaya, kuma dukansu ba su kai iyaka ba. Wannan ne ya sa ake horar da ma'aikatan lafiya su duba tambaya ta tara ita kaɗai, ko nawa ne jimillar.

A 1960 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Danmak, Georg Rasch, ya kawo wata hanya wadda ke auna tsananin kowace tambaya daga yadda ɗimbin mutane suka amsa ta, kamar yadda malami ya san tambaya mai wuya da mai sauƙi a jarrabawa. A kan irin wannan tunani aka gina shirin PROMIS da cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka suka fara a 2004, inda kwamfuta ke zaɓo tambaya ta gaba gwargwadon amsar da aka bayar, ta yadda tambayoyi kaɗan za su wadatar. Duk da haka, a mafi yawan lokuta jimilla mai sauƙi ba ta yin nisa da abin da waɗannan hanyoyi ke fitarwa, shi ya sa har yanzu ita ce a asibitoci.

Iyakar da ke ninka masu ciwo

Kuskuren da ya fi yawa a kanun labarai yana faruwa ne a kan iyakar nan ta maki 10. A 2019 masu bincike na Jami'ar McGill ta Kanada, ciki har da Brooke Levis da Brett Thombs, sun tattara bayanan binciken da aka yi a ƙasashe da dama suka wallafa a mujallar BMJ. Sun gano cewa idan aka gwada takardar da ganawar ƙwararren mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa, iyakar 10 tana kama kusan 88 cikin kowane 100 masu ciwon da gaske, tana kuma wanke kusan 85 cikin kowane 100 da ba su da shi.

A ido alƙaluman suna da kyau. To amma a yi lissafi. A ce wata unguwa tana da mutum 1000, kuma 100 daga ciki ne ke da ciwon damuwa. Takardar za ta kama 88 daga cikinsu, 12 su kuɓuce. Sauran 900 lafiyarsu ƙalau, amma kashi 15 cikin ɗari nasu, wato mutum 135, za su haura iyaka saboda wasu dalilai, kamar rasuwar da aka yi musu ko wata rashin lafiya ta jiki. Idan aka haɗa, mutum 223 ne suka haura. Wanda bai san kan abin ba sai ya rubuta cewa kashi 22 cikin ɗari na unguwar na da ciwon damuwa, alhali kashi 10 ne. Kuma a cikin 223 ɗin, masu ciwon da gaske ba su kai rabi ba.

Wannan ba lissafin allo kaɗai ba ne. A 2020 rukunin na McGill ya duba bincike 44 da suka ƙunshi mutum fiye da 9,000 waɗanda aka yi wa duka biyun, takarda da ganawa. Takardar ta nuna kashi 24.6 cikin ɗari, ganawar ƙwararru ta nuna kashi 12.1. An yi takardar ne domin ta zama rariya ta farko, ta ware waɗanda ya kamata likita ya zauna da su. Mai son sanin yawan masu ciwo a gari sai ya ɗauki wani kaso na waɗanda suka amsa, a yi musu cikakkiyar ganawa, sannan a gyara lissafin da abin da aka samu.

Idan tambaya ta tsallaka harshe

Yawancin waɗannan takardu da Ingilishi aka rubuta su, domin mutanen da rayuwarsu ta bambanta da ta Sahel. Misali SF-36, wadda John Ware da Cathy Sherbourne suka gabatar a 1992, tana da tambayoyi 36 a kan fannoni takwas na lafiya. Ɗaya daga ciki tana neman sanin ko rashin lafiya na hana mutum ayyuka masu matsakaicin nauyi, kuma cikin misalan da aka ba shi har da tura na'urar sharar ɗaki da wasan golf. Wata kuma tana tambaya a kan hawa matakalar bene. Manomi a Dakwaro ko matar aure a ƙauyen Madawa ba su da abin cewa a nan. Dole mai fassara ya nemo aikin da nauyinsa ya yi daidai, kamar jan ruwa a rijiya ko shara, kuma idan ya zaɓi wanda ya fi nauyi, irin su huɗa ko dakan gero, ya canza ma'aunin ke nan bai sani ba.

Saboda haka fassarar irin wannan takarda tana da ƙa'ida. Mutum biyu su fassara kowa daban, wasu da ba su ga asalin ba su mayar da fassarar zuwa harshen farko, kwamitin masana ya gwada ya daidaita, sannan a jarraba da ƴan majinyata kaɗan a ji yadda suka fahimci kowace kalma. Daga nan lissafi ya shigo. Ana duba ko tambayoyin suna tafiya tare, da wani ma'auni da Lee Cronbach ya gabatar a 1951, wanda aka saba son ya kai 0.7. Ana kuma sake ba mutanen takardar bayan ƴan kwanaki a ga ko amsar ta tsaya. Sai dai ma'aunin Cronbach yana nuna cewa tambayoyin sun dace da juna ne kawai, bai tabbatar da cewa abin da ake nema suke aunawa ba.

An fara irin wannan aiki da Hausa. A 2020 mujallar PLoS One ta wallafa fassarar SF-12, ƙaramar ƴar'uwar SF-36, wadda masu bincike a fannin gashin ƙashi a arewacin Najeriya suka jarraba da masu ciwon baya na birni da na karkara. Amma Hausar Kano da ta Adar ko Gobir ba kullum suke amfani da kalma ɗaya ba. Ita kanta kalmar "damuwa" tana ɗaukar rashin kuɗin cefane, tana ɗaukar saɓani da maƙwabci, yanzu kuma an ɗora mata sunan cuta. Ga kuma batun wanda ba ya karatun boko, wanda sai an karanta masa. Amaryar da aka tambaya ko tana tunanin mutuwa, uwar mijinta na zaune a gefe, da wuya ta faɗi abin da za ta rubuta idan ita kaɗai ce.

Masana ƙididdiga suna da hanyar kama tambayar da ke nuna bambanci. Ana ɗauko mutane daga rukuni biyu waɗanda tsananin ciwonsu ya zo ɗaya, a duba ko akwai tambayar da wani rukuni ke amsawa daban. Mai jego kusan kullum a gajiye take, barcinta kuma a katse, ko tana da ciwon damuwa ko ba ta da shi. Domin haka ne takardar Edinburgh mai tambayoyi 10, wadda John Cox da abokan aikinsa suka fitar a 1987 saboda masu jego, ta kauce wa tambayoyin gajiya da cin abinci.

Takardun da ba su dawo ba

A kowane bincike mai tsawo akwai waɗanda ke daina amsawa, kuma ba kasafai suke zama kamar sauran ba. A ce an fara gwajin magani da mutum 100. Guda 75 masu ɗan ƙarfin jiki ne, matsakaicin makin jin daɗin rayuwarsu 70 cikin 100. Sauran 25 jikinsu ya yi tsanani, nasu 30. Idan aka haɗa, matsakaicin kowa da kowa 60 ne. Bayan wata shida, 25 ɗin nan ba su dawo da takarda ba: wasu sun rasu, wasu suna kwance. Idan aka lissafa na waɗanda suka rage kawai, matsakaici ya tashi daga 60 zuwa 70, alhali babu mutum ɗaya da ya samu sauƙi.

A 1976 masanin ƙididdiga Donald Rubin ya kafa tushen yadda ake rarrabe irin wannan giɓi. Akwai wanda ya faru bisa tsautsayi, kamar takardar da ta ɓace. Akwai wanda ake iya bayyanawa da abin da aka riga aka sani game da mutum, kamar shekarunsa, nisan garinsu ko makinsa na baya. Akwai kuma wanda ciwon da ake aunawa ne da kansa ya jawo shi. Ga na farko da na biyu akwai dabara: kwamfuta ta cike giɓin sau da yawa da ƙiyasi mabambanta, a yi lissafi a kan kowanne, sannan a haɗa, ta yadda rashin tabbas zai bayyana a sakamakon. Na ukun ba shi da maganin lissafi. Abin da mai bincike na gari ke yi shi ne ya sake lissafin bisa zato daban-daban, har da mafi muni, ya nuna ko hukuncinsa ya tsaya.

A da an saba kwafo makin mutum na ƙarshe a cike masa sauran watanni, kamar ciwonsa ya tsaya cik ranar da ya daina zuwa. A 2010 wani kwamitin masana na majalisar bincike ta ƙasar Amurka ya ba da shawarar a daina dogara da wannan hanya a matsayin babban lissafi, sai da hujja mai ƙarfi.

Sauƙin da ba magani ya kawo ba

Wani gwaji da aka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a 2011 ya nuna iyakar shaidar baki. Masu ciwon asma 39 a Boston sun karɓi abubuwa huɗu bi da bi: maganin shaƙa na gaske, abin shaƙa na wofi da babu magani a ciki, tsira allura irin ta ƙasar Sin amma ta ƙarya, sai kuma zama ba tare da an yi musu komai ba. Na'urar auna numfashi ta nuna ƙarin kashi 20 cikin ɗari da maganin gaske, sauran ukun kuwa kusan kashi 7. Amma da aka tambayi majinyatan, sauƙin da suka ce sun ji ya kai kashi 50 da maganin gaske, 45 da na wofi, 46 da allurar ƙarya, 21 da zaman banza. A bakinsu, na gaske da na wofi kusan ɗaya ne, alhali huhunsu bai buɗe ba. Shi ya sa ake ɓoye wa majinyaci da mai tambaya wane magani aka bayar, kuma inda akwai na'ura ake haɗa shaidarta da ta baki.

Akwai kuma abin da Francis Galton ya bayyana tun 1886, cewa duk abin da aka auna lokacin da ya kai ƙololuwa, awo na gaba yakan sauko kusa da matsakaici. Mutane sukan zo asibiti ranar da ciwo ya fi tsanani, don haka ko ruwa aka ba su, makin mako na gaba yakan ragu. Binciken da ba shi da rukunin kwatance ba zai iya raba wannan da aikin magani ba.

Ko bambancin ya tabbata, sai a tambayi girmansa. Idan mutane dubbai ne a cikin gwaji, ragin da bai kai rabin maki ba a ma'aunin raɗaɗi na 0 zuwa 10 yana iya cin jarrabawar ƙididdiga, amma majinyaci ba zai ji shi a jikinsa ba. A 1989 Gordon Guyatt da abokan aikinsa a Jami'ar McMaster ta Kanada suka gabatar da batun mafi ƙarancin sauyin da majinyaci ke ɗauka da muhimmanci. Ga raɗaɗi mai daɗewa, binciken da John Farrar ya jagoranta a 2001 ya sa shi a kusan maki biyu, ko ragin kashi 30 cikin ɗari. Rahoto mai kyau yakan faɗi mutum nawa ne a kowane rukuni suka samu irin wannan ragi.

Abin da mai karatu zai tambaya

Ɗaliban likitanci da ke rubuta kundin kammala karatu a Yamai, da ƙungiyoyin agaji da ke aiki da ƴan gudun hijira, sukan yi amfani da irin waɗannan takardu, kuma alƙalumansu na iya shiga rahotannin da ake tsara taimako da su. Don haka idan wata lamba ta zo a waya, akwai abin tambaya kafin a tura ta gaba. Wace takarda aka yi amfani da ita, kuma an jarraba ta da harshen mutanen? Su suka cike ko karanta musu aka yi, a gaban wa? Lambar ta waɗanda suka haura iyaka ce, ko ta waɗanda ƙwararre ya tabbatar? Mutum nawa aka fara da su, nawa suka rage? Akwai rukunin kwatance?

Shi kuma wanda aka miƙa wa takardar a asibiti, a Tawa ne ko a Faris, abin da zai amfane shi shi ne ya ajiye "da sauƙi" ga ƴan dubiya, ya amsa kowace tambaya yadda yake ji da gaske. Maki mai yawa bai nufin an tabbatar masa da cuta, dalili ne na zama da likita. Wanda kuma ya samu kansa yana tunanin mutuwa ko cutar da kansa, kada ya jira jimilla: ya faɗa wa ma'aikacin lafiya ko wani na kusa da ya amince da shi a ranar.